Kundin shekaru na ƴan ƙwallon unguwarmu

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Yau muka buɗe kundin. Babban kaye ne mai baƙin bango, irin wanda muke kiran suna da shi a aji, na sayo shi jaka biyu a kasuwar Dole. Kowane yaro da shafinsa: sunansa, sunan uba da na uwa, unguwa, ajin da yake, ranar haihuwa, sai layin ƙasa, wanda dominsa na sayi kayen, na rubuta masa "shaida". Nan za mu sa abin da muka gani da idonmu har muka yarda da wannan ranar.

Yara 41 suka hallara a filin bayan makaranta bayan la'asar. Shekara shida ke nan ina horar da yaran unguwa a wannan fili, ni da ƙanena mai gyaran babur, ban taɓa tambayar kowa takarda ba. Kallon yaro nake yi in ce kai tafi wajen manya, kai tsaya wajen ƙanana. Sabon tsarin FIFA ne ya sauya mini tunani. Daga bana, gasar kofin duniya ta ƴan ƙasa da shekara 17 ta koma ta kowace shekara, ƙasashe 48 maimakon 24, Afirka na da gurbi 10, kuma Katar ce za ta karɓi biyar a jere, daga 2025 har 2029. A gasar bana sai wanda aka haifa ranar 1 ga Janairun 2008 ko bayanta. In ka bi lissafin, ta 2029 ta ƴan 2012 ce, wato waɗannan da ke gabana yau suna gardamar wa zai fara taɓa balo.

Da can sai bayan shekara biyu ake yinta: 2015, 2017, 2019. Yaron da aka haifa a 2000 ya riski ta 2017 da cikar ƙarfinsa. Wanda aka haifa a 2001 kuwa, a 2017 ƙarami ne cikin sa'o'in yayansa, a 2019 kuma ya wuce. Na sha jin ana kafa hujja da wannan don a rage wa yaro shekara guda. To yanzu kowace shekarar haihuwa tana da ranarta, hujjar ta faɗi.

Ban ce yaran nan za su je Katar ba. Tsakaninmu da Yamai ma kusan kilomita 900 ne, kafin ido ya kai kan yaron Damagaram sai ya yi fice sosai. Burina dai, ranar da aka zo neman yara, ko wani namu ya samu hanyar tafiya, in miƙa shi da shafin da ba zan sunkuyar da kai a kansa ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Sun kawo abin da ke gida. 16 na da takardar haihuwa ta mari, wato ofishin magajin gari, wadda aka yi tun suna goye. 11 na da takardar kotu, wadda ake yi daga baya in lokacin bayyana haihuwa ya wuce. 14 ba su kawo komai ba: ta wani tana ƙauye wajen kaka, ta wani gara ta ci, wani kuma ba a taɓa yi masa ba.

Cikin 11 ɗin nan, 8 an rubuta musu 1 ga Janairu. Duk malamin makaranta a ƙasar nan ya san wannan ranar. In ba a san rana da wata ba, ita ake sawa, kuma sau da yawa shekarar da ke gefenta ma kirdado ce. Da fensir na cika shafukansu. Bik ba zai hau ba sai na shiga gidajensu.

Balo biyu gare mu, ɗaya na sace iska. Mun yi atisayen miƙa wa juna da tsayar da ƙwallo, muka tashi da kiran magariba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Daren jiya da tsakar dare muka zauna a fada, ana zagayen shayi, muka kalli Maroko da Ajantina a wasan ƙarshe na ƴan ƙasa da shekara 20 a Cile. Maroko ta ci 2 da nema, duka biyun Yassir Zabiri ya zura su kafin hutun rabin lokaci. Afirka ba ta taɓa ɗaukar wannan kofi ba sai Gana a 2009 a Masar, lokacin da ta riƙe Barazil da mutum goma har aka kai bugun daga kai sai mai tsaron gida. Najeriya ta kai wasan ƙarshe sau biyu, 1989 da 2005, ba ta ɗauka ba. A na biyun Messi ne ya ci su da fenariti biyu.

Ina tafiya gida ina tunanin makarantar ƙwallo ta Sarki Muhammad na shida da ke kusa da Rabat, wadda ta yi fiye da shekara goma tana ɗaukar yara tun suna ƙanana, ga aji ga fili. Ciyawarsu da ɗakunan kwanansu sun fi ƙarfinmu. Amma yaron da ya shiga hannunka yana ɗan shekara 12, kana rubuta tsawonsa da nauyinsa, ba mai zuwa daga baya ya yi maka gardamar shekarunsa. Wannan kam kaye da tef ɗin tela sun isa. Na aro tef wajen matata, daga Asabar za mu fara awon tsawo a jikin bangon makaranta.

Asabar, 25 ga Oktoba

Gida tara na shiga cikin makon nan, daga Birni har Garin Malam, wasu da ƙafa, wasu a bayan babur ɗin ƙanena. Nan ne aikin ya fi daɗi, nan ne kuma ya fi cin lokaci, don ba a shiga gidan mutum a fara da tambaya. Sai an gaisa, an sha ruwa, an tambayi amfanin gona, sannan.

Mahaifiyar ɗan ƙaramin mai tsaron gidanmu ta fi kowa ba ni aiki. Takardarsa ta ce 1 ga Janairun 2012. Na ce, "Inna, wace shekara kuka haife shi?" Ta ce, "Mushe, ina na san shekarar boko? Cikin azumi dai na haife shi, ana tsuga ruwa, har ungozoma ta kasa fitowa daga gidanta." Wannan bai raba gardama ba, domin azumin 2011 da na 2012 da na 2013 duk cikin damina suka faɗo. Na ce ta tuno wani abu da ya faru tana da cikinsa. Ta yi shiru, can ta ce lokacin da aka buɗe matatar mai, babansa ya tafi can neman aikin leburanci ya bar ta tana fara laulayi. An buɗe matatar, wato SORAZ, ƙarshen Nuwambar 2011. Azumin 2012 ya kama wajen 20 ga Yuli ya ƙare bayan tsakiyar Agusta. Wata tara cif. Shekarar takarda ta yi daidai, watan ne aka yi kirdado, yaron ma ya fi ƙanƙanta da wata bakwai a kan abin da aka rubuta. A gabanta na goge fensir na sa bik, na karanta mata abin da na rubuta a layin shaida, ta ce haka ne.

Shaidar da ta fi kowace ƙarfi ita ce katin awo na likita. Allurar farko ana yinta ne cikin kwanakin haihuwa, ma'aikaciya ta rubuta rana da hannunta, ba ta san wata ƙwallo ko jarrabawa ba. Iyaye mata suna adana katin nan fiye da yadda maza ke adana takardar mari. Cikin leda, cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwan aure. Gida biyar cikin tara aka fito mini da shi.

A wani gida kuma kakan yaron, malami ne na zaure, ya ɗauko gafaka ya nuna mini wata takarda da yake rubuta haihuwar jikokinsa da ajami. Na wannan yaro ya ce Rajab 1433. Na duba a waya, ya kama daga ƙarshen Mayu zuwa Yunin 2012. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai kun riga ni buɗe kundi." Ya ce shi ma a wajen mahaifinsa ya gada.

Litinin, 3 ga Nuwamba

An fara a Katar. Mai gidan kallon bakin titi ya yarda yaranmu su riƙa shiga dala goma-goma a wasannin Afirka, in ba su ci karo da aji ba. Babu Nijar cikin goman Afirka, babu Najeriya mai kofi biyar. Akwai Maroko, Mali, Burkina Faso, Kodebuwa, Senegal, Afirka ta Kudu, Tunisiya, Zambiya, Masar da Yuganda.

Wani yaro ya ce shi bai taɓa jin Nijar ta je kofin duniya ba. Ban ga laifinsa ba, yana ɗan shekara biyar aka yi. Na zaunar da su a kan duwatsun gefen fili na ba su labarin tun daga farko. A 2016 aka haɗa ƙananan Mena, wato ƙungiyar Nijar ta ƴan ƙasa da 17, da Najeriya a wasan share fage, alhali Najeriya ce ke riƙe da kofin duniya da ta ɗauko a Cile a 2015, inda Osimhen ya ci ƙwallo 10. Sun ci mu 1 da nema a Abuja, muka rama 3 da 1 a Yamai, muka fitar da su. A Gabon, cikin Mayun 2017, muka kai wasan kusa da na ƙarshe, Gana ta cire mu da bugun daga kai sai mai tsaron gida, muka ƙare na huɗu. Wannan ya ba mu tikitin Indiya, karon farko da wata ƙungiyar ƙwallon Nijar ta shiga gasar FIFA. Ranar 7 ga Oktoba a Kochi, Salim Abdourahmane ya ci Koriya ta Arewa, aka tashi 1 da nema. Har yau ina jin ihun da aka yi a fadarmu, butar shayi ta kife babu wanda ya kula. Sifaniya ta ci mu 4, Barazil ta ci mu 2, duk da haka muka tsallaka zuwa zagayen ƴan 16, Gana ta sake tare mu da ci 2 da nema.

Da na ce musu cikin ƴan Sifaniyar da suka buga gasar akwai Ferran Torres da Eric García da suke gani a Barcelona, sai fili ya yi tsit. Ɗaya ya ce, "Mushe, kenan namu sun taɓa tsayawa fili ɗaya da su?" Na ce ƙwarai, kuma sa'o'insu ne.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Abin da nake gudu ya zo, kuma a kan wanda na fi so ya zo.

Ɗan gabanmu, wanda in ya karɓi ƙwallo masu wucewa kan tsaya su kalla, takardar kotunsa ta ce 2012. Ranar Alhamis yayarsa ta kawo mini katin awonsa da zuciya ɗaya. Allurar farko, Maris ɗin 2010. Sunan uwa ɗaya, sunan yaro ɗaya, ba wani ƙane ko wa mai irin sunan. Na kwana ina juya katin.

Yau da hantsi kawunsa ya zo gida, shi ke riƙonsa tun rasuwar uban. Mutum ne mai kunya, ya daɗe yana kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce, "Malam, ku bar takarda yadda take. Hukuma ce ta sa hannu. Yaron nan maraya ne, in Allah ya ba shi hanya a ƙwallo kada mu ne mu toshe ta." Na ce, "Alhaji, ni ma hanyar nake nema masa, shi ya sa."

Na yi masa bayanin gwajin da ake yi. Tun 2009 FIFA ta shigo da ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI a gasar ƴan 17, hukumar ƙwallon Afirka ma tana yi kafin wasanninta. A ƙarshen ƙashin damtse, wajen wuyan hannu, akwai guringuntsin da yaro ke ƙara tsawo ta wurinsa. Yana girma wurin na haɗewa. Likitoci sun kasa shi mataki shida, wanda ya kai na shida, ƙashin ya haɗe gaba ɗaya, sai a cire shi. Gwajin yana da masu suka, don akwai yaron da ƙashinsa ke saurin haɗewa alhali shekarunsa na gaskiya ne. Amma wanda zai je 2029 yana da 19 a jiki, kusan tabbas na'ura za ta nuna, kuma ba ta karanta sa hannun kowa. A 2016, gab da wasansu da mu, Najeriya ta rasa yara 26 a wannan gwaji. A farkon 2023 Kamaru ta gwada 30, 21 suka faɗi. Gine ta kai wasan ƙarshe na Afirka a 2019, daga baya aka kore ta kan takardun ƴan wasa, Senegal ta tafi kofin duniya a madadinta.

Sai na ba shi namu, wanda har yau yake ci mini rai. A 2009 a Aljeriya ƙananan Mena sun kai wasan kusa da na ƙarshe, tikitin kofin duniya na hannu, aka kore mu daga gasar kan shekaru, Malawi ta maye gurbinmu. Kofin duniyar shekarar a Najeriya aka yi shi, har da wasanni a Kano, tafiyar rabin yini daga nan. Yaran da shekarunsu ke daidai a wannan ƙungiya, me suka yi? Tare aka maido su gida. Sai da muka jira shekara takwas.

Na ce masa yaron nan bai rasa komai ba, gasar 2027 ce tasa, kuma ta fi kusa. Zan mai da shi rukunin manya, in rubuta 2010 a kundina. Alhaji ya ce zai yi shawara. Ya tashi bai ƙarasa shayinsa ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Yaron bai zo ba, atisaye uku ke nan.

Jiya Italiya ta cire Burkina Faso da ci 1 da nema a zagayen ƴan takwas, Barazil kuma ta cire Maroko. Yaranmu Burkina suka bi tun da ta fitar da Jamus mai riƙe da kofi. Na nuna musu cewa wannan ita ce maƙwabciyar da muke karawa da ita a shiyyarmu ta UFOA B, ƙasashe bakwai: mu, Najeriya, Gana, Kodebuwa, Burkina, Benin da Togo. Biyu kacal suka fita daga cikinmu zuwa gasar Afirka ta bana. Wuyar tana nan gida kafin a kai ga jirgi. Yuganda ma, zuwanta na farko, ta ci Faransa 1 da nema.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba a faɗaɗa gasar, ranar da Maroko ta zura wa Sabuwar Kaledoniya 16. Yaranmu suna dariya, ni ina kallon fuskar mai tsaron gidan, yaro ne kamar su. Duk da haka ina tare da ƙasashe 48 ɗin. Ƙofar da ta buɗe wa Yuganda ita muke jira.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Fotugal ta ɗauka jiya, 1 da nema a kan Ostiriya. Na sa kowane yaro ya faɗi abu guda da ya gani wanda zai iya yi a filinmu. Mai tsaron gidanmu ya ce ya lura suna waiwayawa kafin ƙwallo ta iso su. Shi za mu yi wata guda muna koya.

Asabar, 13 ga Disamba

Na kai wa mai unguwa sunayen 14 marasa takarda. Na ce, "Ranka ya daɗe, shaidu muke nema, waɗanda suka halarci suna, kuma ba za su ƙara ko su rage ba." Ya karɓi maganar hannu biyu, ya aika aka kira iyaye. Shida sun riga sun samu katin awo, uku muna da shaidar liman da ungozoma. Mun kai takardun tara ofishin da ya dace, sau uku ina komawa ana cewa mai sa hannu ba ya nan. Kowace komawa awa biyu ce daga lokacin gyaran kayen ɗalibai. Zan ci gaba da komawa.

Akwai abin da ya kamata in rubuta a nan, don kundin gaskiya ne. Da nake bin takardar ɗan gaban nan, na ga an yi ta ne a shekarar da aka sa shi makaranta. Ba don ƙwallo aka rage masa ba. Ya yi shekara biyu a ƙauye bayan rasuwar ubansa, da aka kawo shi birni ya girme wa ajin farko, sai aka daidaita shekarun da ajin don kada a ƙi shi, kada kuma shekaru su hana shi jarrabawa a gaba. Ni kaina, a shekarun farkon aikina a wani ƙauye, na cika irin waɗannan takardu da hannuna. Uba zai tsaya a gabanka da yaro dogo, ka san in ka rubuta gaskiya gona zai koma, sai ka rage biyu kana ganin taimako ka yi. Har yau ban ce waɗancan yaran da sun fi kyau a gona ba. Amma ban taɓa tunanin takardar za ta bi mutum har gaban wata na'ura a wata ƙasa, a kira shi maƙaryaci, shi da bai san lokacin da aka rubuta ba. In an kori yaro a gwajin ƙashi, shi ake nunawa da yatsa, mu da muka riƙe alƙalami muna gida.

Na je na gaya wa Alhaji wannan da bakina. Na ce ban zo a kan a taɓa takardar makaranta yau ba, gyaranta sai ta kotu, kuma shawarar gidansu ce. Abin da ke hannuna shi ne kada in sa shi cikin ƴan 2012, kuma kada in kai shi ko'ina da sunan ɗan ƙasa da 17 bayan 2027.

Asabar, 10 ga Janairu 2026

Hunturu ya kankama, ƙura ba ta barin a ga ragar can daga ta nan. Mun mai da atisaye ƙarfe huɗu daidai, ƙafafu duk sun yi kaushi, na sayo man kaɗanya na ajiye a jakar balo.

Ɗan gabanmu ya dawo ranar Laraba. Bai ce komai ba, ya wuce wajen manya ya tsaya a layi. Cikinsu ba ya wuce mutum uku da gudu kamar da, sau biyu aka ture shi ya faɗi. Da aka tashi ya zo ya ce, "Mushe, nan da wuya." Na ce na sani, ɗana, nan ne za ka koyi abin da ƙanana ba za su koya maka ba. Ya tambaya ko zai iya ganin shafinsa. Ya daɗe yana kallon 2010 ɗin, sannan ya ce a auna tsawonsa tunda ranar awo ba ya nan.

Asabar, 31 ga Janairu

Mun je Miriya wasan sada zumunci, ƴan 2012 da 2013 kaɗai, 15 a motar haya, iyaye suka haɗa kuɗin mai. Kafin a fara na miƙa wa mai horar da su kundin na ce ya duba duk wanda yake shakka. Ya yi mamaki, ya ce ba a taɓa yi masa haka ba. An ci mu 3 da 1. Biyu daga cikin nasu sun fi namu kafaɗa nesa, yaranmu suka fara gunaguni a hutun rabin lokaci, na hana. Ban shiga gidajensu ba, ban ga katinsu ba, kuma akwai ɗan 13 da Allah ya ba jiki. Ƙwallo ta biyu ma laifinmu ce, ba wanda ya waiwaya.

Bayan wasa muka zauna da shi a inuwa, ashe shi ma ya je Maraɗi a Fabrairun 2019, lokacin da ƙasarmu ta karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da 20. Rukuni guda a can ya yi wasanninsa, har da Senegal da Mali, waɗanda suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe a Yamai, Mali ta ɗauka da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ita ce kuma ta ɗauki na ƴan 17 a Yamai a 2015. Ya ce Mali ta mai da ƙasarmu gonarta. Kafin mu shiga mota ya ɗauki hoton shafi guda marar suna da wayarsa, ya ce zai sayi kaye.

Asabar, 14 ga Fabrairu

Inda muke: shafi 44, don uku sun ƙaru. 33 an rubuta da bik. Cikinsu huɗu shekararsu ta gaskiya ta saɓa da takarda, uku sun girme ta, ɗaya kuma takardar ce ta girme shi da shekara guda, duk sun koma rukunin da ya dace da su. Takardun kotu biyar sun fito cikin tara. Shafi 11 har yanzu fensir ne, yawancinsu sai an je ƙauye, biyu wajen Magarya, ɗaya can hanyar Tanut. Awon tsawo na biyu ya nuna mai tsaron gidanmu ya ƙara santimita biyu tun Oktoba.

Yayar ɗan gaban nan, wadda ta kawo katin, ta tare ni a ƙofar makaranta ta ce ta ji ana yin ta mata a Maroko duk shekara, ƙanwarsu kuma tana buga balo da maza a lungu. Gaskiya ta ji, ƙasashe 24 ne, Maroko za ta karɓa har 2029. Na ce sai na samu malama mace da za ta tsaya a fili, da yardar iyaye, kafin in buɗe wannan shafi. Na yi wa wata abokiyar aikina magana, ta ce in ba ta zuwa bayan salla.

Azumi ya rage ƴan kwanaki. Za mu dakatar da atisayen la'asar, manya su riƙa ɗan taɓawa bayan tarawi a ƙarƙashin fitilar bakin titi. Ƙanena ya ce babur zai iya kai mu Magarya ranar Lahadi in mun fita da asuba, akwai wata kaka a can da aka ce katin yara biyu na cikin kwallarta.